Na'ura Ta Huɗu a Gidan Goggo

Ƙarfe biyar da rabi Injiniya ta kulle ofis, ta tsaya a bakin ƙofa tana shawarar ko ta wuce gida kawai, gobe ta ce mantawa ta yi. Tun safe take zagaye teburan kwalejin da take aiki, kowa da kukansa iri ɗaya: ba ya yi. Firinta ba ta yi, majigi ba ya yi, bidiyon darasi ba ya yi. Shekara goma sha bakwai tana jin wannan magana. Ba injiniya ba ce a takarda. Dangi ne suka laƙa mata sunan tun tana yarinya, ranar da ta tayar da rediyon babanta, sunan kuma ya bi ta har wurin aiki.

Amma Goggo ta kira sau uku.

Goggo ƙanwar babanta ce, kuma gobe da safe za a yi mata aikin ido. Na hagu ya tafi tun bara. Na dama ne ya rage, likita kuma bai ɓoye mata komai ba: ko ya gyaru, ko ya bi ɗan'uwansa. Kwana huɗu da suka wuce matar Auta ta haihu, bayan shekara goma sha ɗaya da aure. Auta shi ne ɗan Goggo na ƙarshe, yana aiki a wata ƙasa mai nisa, a wurin da ake karɓe wa ma'aikata wayoyi sai an tashi. Matarsa ta hana a yi ta yawo da hoton jariri a wayoyin mutane, don haka ya ɗauki bidiyo guda, ya ɗora a wani shafi mai kulle da ba ya bari a sauke komai, ya turo wa 'yan gida linki. Kowa ya gani ban da kakar yaron. A waya ba ta rarrabe komai, sai a babbar kwamfutar marigayi mijinta. A can kuma bidiyon ya ƙi tafiya.

Gidan shi ne na ƙarshe a layin. Daga shi sai fili da ciyawa da wani ginin da aka bari tun yana iya gwiwa. Injiniya ta sauka daga mota a bakin titi ta ƙarasa a ƙafa, jakarta tana cin kafaɗarta. Rana ta yi ja. Wani wuri ana ƙona shara.

Ta tarar da Goggo zaune gaban kwamfutar, ta riga ta shirya ƙaramar jakar asibiti ta ajiye gefen ƙafarta. 'Yarta mai aikin jinya ba za ta dawo ba sai bayan isha.

"Sai yanzu? Ai na ɗauka sai an rufe min idon za ki zo jaje."

Injiniya ta durƙusa ta gaishe ta, ta ba da haƙuri, ta ɗora laifin a kan aiki. Goggo ta ce aikin nan dai shi zai tsofar da ita kafin miji ya tsofar da ita, ta tura mata kofin ruwa, sannan ta nuna gilashin kwamfutar da haɓa. A tsakiyarsa ga fuskar Auta a daskare, baki a buɗe, ƙaramin zoben nan yana ta juyawa a kan hancinsa. Ta ce kwana uku ke nan tana kallon wannan zobe, har ta fara ganinsa a mafarki.

Injiniya ta ciro littafinta da biro. Tana da tsari, ba ta tsallake mataki ko da ta gaji, kuma duk abin da ta taɓa sai ta rubuta. Ta fara buɗe wani bidiyo daban don ta ga ko na Auta ne kaɗai ke da matsala. Shi ma ya tsaya. Ta kashe kwamfutar ta kunna. Ta share tarkacen da burauza, manhajar buɗe shafuka, ke tarawa. Ta gwada wata burauzar. Ta rage ingancin hoton har fuskar Auta ta koma dishi-dishi. Duk a banza. Bidiyon yakan yi daƙiƙa arba'in, Auta ya yi sallama, ya gaida mahaifiyarsa, ya ce idan har wannan abu ya kunna to tabbas ba Injiniya ce ta taɓa shi ba, ya fara dariya, sai zoben ya dawo.

Sau bakwai ta ji wannan tsokana. Abokin wasanta ne, da can da ta rama, amma yau ko murmushi ba ta iya ba.

Ta ja bidiyon gaba don ta tsallake zuwa inda jaririn yake. Zobe. Ta gwada da datar wayarta, sai ta tuna gidan nan sabis ba ya shigarsa, sai an fita bakin titi. Ta hau intanet ɗin gidan da wayar, ta auna gudunsa. Abin da ta gani bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ya kamata ba.

To, wani yana sha.

Rautar, ƙaramin akwatin da ke raba intanet ɗin, tana kan wani katako a lungun da ke bayan falo, kusa da ƙofar sito. Lungun yana warin tsohuwar takarda da danshi. Ta ɗaga akwatin, ta ga takarda manne a ƙarƙashinsa da rubutun marigayi, ƙanana, a tsaye kamar sojoji. Kalmar sirri ce. Ta kwafe ta a littafinta. A ƙasanta akwai wata doguwar lamba, da layi ɗaya: Ta maƙwabta. A bar ta.

Ta shiga shafin rautar ta wayarta, ta buɗe jerin na'urorin da ke kai. Kwamfuta, ɗaya. Wayar Goggo, biyu. Tata, uku. Ta huɗu ba ta da suna, sai lamba, kuma ita ce lambar da ke kan takardar. Ita ke shanye kusan komai.

Injiniya ta sauke numfashi. Ta san irin wannan. Kullum a kwaleji sai ta kama ɗalibai sun saci hanyar ofis suna kallon ƙwallo, ta datse su ba tare da ta tambayi kowa ba. Marigayi mutum ne mai sakin hannu, ga shi ya tafi ya bar wani yana cin arziki. Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mata. Ƙarfin sigina na na'urar a cike yake, ya ma fi na wayar da ke hannunta, ita da ke tsaye gaban akwatin. Gida mafi kusa kuwa yana can bayan fili mai faɗin mota uku.

Ta dubi ƙofar siton. Kwaɗo ne a jiki, ya yi tsatsa.

Ta dawo falo ta tambayi Goggo wane maƙwabci ne marigayi ya ba intanet. Goggo ta gyara zaman mayafinta, ta ce maƙwabta dai, kuma idan ya rubuta a bari to a bari, ta nemi wata dabarar. Injiniya ta ce to. Ta zauna. A ƙasan bidiyon idonta ya kai kan wani ƙaramin rubutu da ba ta kula da shi ba ɗazu: an kalla sau ɗari shida da goma sha biyu. Mutum tara Auta ya tura wa linkin.

Bayanta yana ciwo. Ƙafafunta sun kumbura cikin takalmi. Babu wata dabarar da ta rage a littafin, kuma an kusa kiran magariba. Minti tara ne bidiyon gaba ɗaya. Ta ce a ranta minti tara ba za su kashe maƙwabci ba.

Ta danna, ta toshe ta huɗun.

Ta kunna bidiyon daga farko. Auta ya yi sallama, ya yi tsokanarsa, ya yi dariya, dariyar kuma ta ƙarasa. Ya ci gaba da magana. Hoton ya washe har ana ganin furfura biyu a gemunsa. Goggo ta matso da kujera, ta kai fuskarta kusa da gilashin, tana sa wa Injiniya albarka ƙasa-ƙasa. Auta yana tafiya da wayar cikin wani dogon baranda, yana ba da labarin daren haihuwar tun daga farko, yadda ya saba, ba ya barin komai.

Can nesa aka fara kiran salla.

A lungu, wani abu ya yi ƙara. Ƙas. Kamar kwaɗo ya buɗe.

Injiniya ta ce a ranta katako ne ke saki saboda sanyin yamma. Sai wari ya shigo. Warin ƙasa ce da aka tono daga zurfi, da toka mai sanyi. Fankar sama tana juyawa, amma iskarta ta daina isowa.

Sai ƙarar tabarma ana warware ta a bayansu. A hankali. Aka sake warware wata.

Goggo ta daina sa albarka. Ba ta juya ba. Ta yi magana ba tare da ta motsa leɓe sosai ba.

"Me kika taɓa?"

"Ta maƙwabtan na cire, Goggo. Na minti tara ne."

Tsohuwar ta ƙara rage murya.

"Da can nan suke zuwa kallo. Shi ya sa ya ba su nasu. Shekara tara ba su shigo ɗakin nan ba. Kada ki juya."

Injiniya ba ta juya ba. Amma Auta ya shiga wani wuri mai duhu a bidiyon, gilashin ya yi baƙi na ɗan lokaci, ya zama madubi. Ta ga kanta. Ta ga Goggo. Ta ga bayansu.

Falon a cike yake.

Suna zaune layi-layi, har bakin ƙofa. Na gaba ƙanana ne, ba su fi tulu ba. Na baya kawunansu sun tanƙwara a ƙarƙashin silin. Ba ta ga fuska ko ɗaya ba, sai wuraren da ya kamata fuska ta kasance, duka sun karkato gaba.

Hoton ya dawo. Ta gode wa Allah da ya dawo.

Wayarta tana kan cinyarta. Dannawa ɗaya ce, ta mayar musu, su koma inda suka fito. Ta ɗaga yatsa. Goggo ta damƙe gwiwarta.

"Idan kin mayar zai tsaya?"

"Zai tsaya."

"To, ba yanzu ba. Sai na gani."

Minti uku da rabi aka ci. Injiniya ta miƙa hannu a hankali zuwa maus don ta ja bidiyon gaba. Wani abu ya sauka a bayan hannunta. Ba nauyi, ba zafi. Kamar an ɗora mata jiƙaƙƙen ganye.

Wata murya ta ce a gefen kunnenta na hagu, a natse, kamar ta dattijuwa mai ladabi: "Bar shi ya tafi da kansa."

Ta janye hannun.

Auta yana gode wa ma'aikatan asibiti ɗaya bayan ɗaya. Yana bayanin nauyin yaron. Yana nuna tagar ɗakin. Injiniya ba ta taɓa jin haushin surutunsa kamar yau ba. Tana karanta duk abin da ya zo bakinta a zuci, ayoyin suna kuɓuce mata a tsakiya, tana komawa farko.

Minti biyar.

Tabarmi suna motsi. Suna matsowa.

"Ɗan gusa," in ji muryar. "Kin tare wa yara."

Ta gusa. Ƙafar kujerar ta yi kuka a kan siminti. Wani ƙaramin abu ya jingina da ƙafarta, mai sanyi, yana numfashi da sauri kamar ɗan tsako.

Sai ta fahimci abin da lambar nan ta ƙasan bidiyon ke nufi. Sau ɗari shida suna kunnawa. Yawansu ya shaƙe hanyar, su ma zoben suke gani. Su ma ba su taɓa kaiwa ga fuskar yaron ba. Ita ce ta gyara musu.

Ta so ta gaya wa Goggo. Amma ta ga hannun tsohuwar ya riga ya kama gefen mayafinta, tana zare shi daga kafaɗa kaɗan-kaɗan.

Minti shida da rabi. Auta ya tura wata ƙofa. Ga gado. Ga matarsa tana murmushin gajiya. Ga wani ƙunshi cikin farin zane a gefenta.

Ɗakin gaba ɗaya ya ja numfashi.

Auta ya sunkuya, ya kai hannu zai yaye zanen.

Goggo ta watsa mayafin. Ya rufe kanta da gilashin tare, ta riƙe gefunansa da hannu biyu ta matse a bayan kwamfutar. Haske ya ɓace daga falon, sai ɗan abin da ke ratsa yadin.

Daga ƙarƙashinsa aka ji kukan jariri, siriri.

A baya aka yi wani irin gunaguni, kamar ana jan buhuna a kan tsakuwa. Kofin ruwan ya faɗi ya fashe. Gefen mayafin ya ɗaga da kansa, Goggo ta fizge shi ta mayar.

"Saki, tsohuwa," in ji muryar. Ladabin ya tafi.

Goggo ba ta saki ba. Tana magana da yaron ƙasa-ƙasa, tana kiransa maigidanta, tana ce masa ashe haka kake.

Sannan ta ce, "Na gani. Mayar musu."

Injiniya ta kunna wayar. Shafin rautar ya rufe kansa, yana neman kalmar sirri.

Takardar tana lungu. Bayan su duka.

Ta lalubo littafinta a kan tebur. Ta buɗe da hannu ɗaya, ta haska da wayar. Rubutunta ne, a shafin yau, layi na takwas. Ta fara shigarwa. Yatsanta ya zame. Kuskure.

Yadin mayafin ya fara yagewa daga gefe, a hankali, zare bayan zare.

Ta sake. Kuskure.

Numfashi mai sanyi ya cika kunnenta na hagu, ya shiga ciki kamar ruwa.

Ta ajiye wayar a kan gwiwa. Ta yi yadda take koya wa sababbin ma'aikata: harafi ɗaya, a duba, sannan na gaba. Harafi ɗaya. A duba.

Shafin ya buɗe. Ta huɗu. Ta cire toshewar.

Kukan jaririn ya yanke a tsakiya.

Shiru.

Sai tabarma ta farko ta fara naɗewa. Sai ta biyu. Ƙafafu marasa nauyi suna fita, da yawa, sun daɗe suna fita. Abin da ke jingine da ƙafarta shi ne na ƙarshe da ya tashi. A lungu kwaɗo ya ce ƙas.

Iskar fanka ta dawo.

Goggo ta zare kanta daga mayafin. Fuskarta a jiƙe. A gilashin zoben yana juyawa a kan farin zane. Ta miƙa hannu da kanta ta zare wayar wutar kwamfutar daga bango.

Ba su yi sallar magariba a gidan ba. Injiniya ta ɗauki jakar asibitin, ta riƙe hannun Goggo, suka taka har bakin titi ba wadda ta waiwaya. A nan, inda sabis yake, ta aika wa Auta saƙo cewa ya cire bidiyon daga shafin da zarar ya karɓi wayarsa, kada ya tambaye ta dalili. Da asuba ya cire. Ya ce ta cika tsoro, ya tsokane ta, amma ya cire.

Kunnenta na hagu bai sake ji daidai ba. Likitoci biyu sun duba, ba su ga komai ba. A kwaleji har yanzu tana datse ɗalibai, sai dai idan ta ga na'ura marar suna takan tashi ta zagaya ginin sai ta ga mai ita da idonta. Idan ba ta gan shi ba, ta bar ta. Abokan aikinta suna cewa tsufa ya sa ta sanyi.

Aikin idon bai yi ba. Goggo ta koma gidanta bayan sati biyu, ta ƙi zama wurin kowa, ta ce ita da maƙwabtanta sun san juna. Ba ta taɓa kwatanta wa kowa kamannin jikan ba, ko 'yarta. Idan baƙi suka tambaya wa ya ɗebo, sai ta ce jariri ai jariri ne.

Wata ranar Asabar da hantsi Injiniya ta je duba ta. Suna zaune a tsakar gida, ta tambaye ta ko suna damunta. Goggo ta ce a'a, mutanen kirki ne, sun koma kallonsu. Sai dai kowace magariba dattijuwarsu takan zo bakin ƙofar falo ta tsaya, ta gaishe ta da jiki, sannan ta tambaya yaron da wa yake kama.

"Me kike ce mata?"

Goggo ta juyo da fuskarta inda muryar take. Idanun nan biyu farare, bakin kuma yana murmushi.

"Ce mata nake ni makauniya ce, me na gani?"